Yadda Ake Noman Ganyen Miya a Cikin Gida a Damagaram da Kuɗi Kaɗan, da Ƙasa ko da Ruwa Zalla

Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san cewa kafin a yi maganar shuka a cikin gida sai an fara yin maganar ruwa. Garin yana zaune ne a kan dutse, ruwan da ake sha daga nesa ake janyo shi, daga wurare irin su Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram, kuma da zarar bazara ta kankama a watan Afrilu da Mayu, magidanci yakan ƙidaya jarkokin da mai garuwa ya kawo masa kamar yadda yake ƙidaya kuɗin cefane. Ruwan sama kuwa bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya a shekara ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Saboda haka lambun cikin gida a nan ba zai yi kama da na Mirya ko na Gidimuni ba, inda ake tona rijiya gajeriya a sami ruwa. Namu lambun na jarka ne da buhu da tsohon bokiti, kuma ma'auninsa shi ne yawan ganyen da lita guda ta ruwa za ta iya bayarwa.

Hanyoyi biyu ne zan yi bayaninsu. Ta farko ita ce shuka a cikin ƙasar da aka haɗa aka zuba a mazubi, ta biyu kuma shuka a cikin ruwan da aka narkar da taki a ciki, ba tare da ƙasa ko kaɗan ba. Ra'ayina, wanda zan faɗa tun yanzu, shi ne duk mai farawa ya fara da ƙasa, ya bar ta ruwa zalla sai lokacin sanyi, kuma sai ya tabbatar ya sami irin takin da ya dace da ita.

Wuri da haske

Kalmar cikin gida takan sa wasu su ɗauka cewa a ɗaki za a yi shukar, a rataya mata ƙwan lantarki kamar yadda ake gani a hotunan Turai. Mutanen can sanyi da ƙarancin rana ne suka tilasta musu haka. Mu rana ce ta yi mana yawa, kuma sayen wuta domin a haska ganye a garin da rana ke ƙona dutse ɓarnar kuɗi ce. Lissafin ma a fili yake: murabba'in mita guda na ganye yana bukatar fitilun LED na kimanin wat 100, a kunna su awa 14 kowace rana, wanda ya kama kilowat-awa 42 a wata, ban da ɗauke wutar da kowa ya saba da ita a lokacin zafi. Ƙwai ɗaya na wat 20 zai iya riƙe ƴan tsirrai na reno ko tukunyar na'a-na'a idan an kusantar da shi zuwa tazarar taƙi guda, amma ba zai ciyar da gida ba.

Wurin da ya fi dacewa shi ne tsakar gida, a gindin katangar da ke samun hantsi ta kuma sami inuwa daga azahar. Ganyen miya yana bukatar rana ta awa 4 zuwa 6, kuma ranar safe ta fi ta yamma alheri nesa ba kusa ba, domin zuwa la'asar katangar siminti ta riga ta ɗauki zafi tana amayar da shi a kan shukar. Idan gidan ba shi da irin wannan kusurwa, sai a kafa ƴar rumfa ta zana mai sharara, ko a ɗaura tsohon gidan sauro a sama, wanda zai rage kaifin rana ya kuma tare tsuntsaye. A ɗora mazuban a kan bulo ko katako, kada su zauna kai tsaye a kan daɓen siminti. A kuma yi tunanin kaji da awaki tun kafin a zuba iri, domin akuya guda za ta iya share aikin wata biyu kafin a idar da sallar la'asar.

Hanyar ƙasa

Mazubi ba ya bukatar kuɗi. Jarkar mai ta lita 20 ko 25 da ta fashe, idan aka kwantar da ita aka yanke gefe ɗaya, ta zama kwami. Buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa zuwa rabi, tsohuwar roba ta wanki, tukunyar ƙasa da ta tsage, duka suna aiki. Abin da za a kiyaye shi ne zurfi da mafitar ruwa. Salati da alayyafo da na'a-na'a da albasar lawashi santimita 15 zuwa 20 ya ishe su, yakuwa da rama da lalo suna son 25 zuwa 30, zogale da tumatir da barkono kuwa sai buhu cikakke ko bokiti mai zurfin 40. Game da huji, na fi son a huda gefen mazubi, kamar yatsa biyu sama da gindinsa, maimakon a huda ƙasan, saboda ɗan ruwan da zai kwanta a ƙasa ya zama ajiya ga saiwa a tsakiyar rana. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari a ciki kuwa a nisance ta gaba ɗaya, komai wankin da aka yi mata.

Haɗin ƙasa shi ne inda mafi yawan mutane suke faɗuwa. Rairayin jigawa shi kaɗai ba ya riƙe ruwa, laka ita kaɗai kuma takan daskare ta zama kamar tubali ta shaƙe saiwa. Haɗin da ya karɓe ni shi ne kwano biyu na rairayi, kwano ɗaya na ƙasar fadama ko ta gindin bishiya, kwano ɗaya na ruɓaɓɓen taki, sai a ƙara ɗan dakakken gawayi da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi domin ƙasar ta yi sakwa-sakwa. Ana gane haɗin ya yi idan an jiƙa shi aka dunƙula a hannu ya tsaya, aka taɓa shi da yatsa kuma ya wargaje.

Takin dole ne ya zama ya ruɓe sosai. Kashin awaki ko na tumaki da aka kwaso yau daga turke, balle na kaji, yana ƙona tsiro ƙurmus, yana kuma janyo gara. A tara shi a rami ko a buhu, a yayyafa masa ruwa, a riƙa juya shi duk mako har wata biyu, sai ya yi baƙi, warinsa ya koma na ƙasar da ruwan farko ya sauka a kanta. Wanda yake da haƙuri zai ƙara wani mataki mai amfani: ya jiƙa haɗin ƙasar, ya zuba a leda mai haske ya ɗaure, ya bar ta a rana tsawon mako huɗu a bazara. Zafin da zai taru a ciki yana kashe irin ciyawa da yawancin ƙananan tsutsotsin nan da ido ba ya gani, waɗanda suke sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙululu.

Abin da za a shuka ya danganta da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, shi ne na salati da kabeji da karas da faski da tumatir. Salati ba ya jure zafi, irinsa ma ba ya tsirowa da kyau idan ƙasa ta kai digiri 30, kuma wanda ya girma a zafi yakan yi saurin fitar da kara ya yi ɗaci. Daga Maris zuwa Yuni, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, sai a koma ga namu na gado waɗanda suka san rana: alayyafo, yakuwa, rama, lalo, gasaya da zogale. Alayyafo shi ne ya fi saurin faranta ran mai farawa. A gauraya irinsa da rairayi saboda ƙanƙantarsa, a barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama, cikin kwana 4 ko 5 zai fito, a mako na huɗu kuma an fara yanka. Kada a tuge shi. A yanke shi a bar kamar yatsa huɗu daga ƙasa, zai sake tofowa sau biyu ko uku.

Zogale ya cancanci a tsaya a kansa, domin da yawa suna ɗauka sai an bar shi ya zama bishiya. A buhu ɗaya ana iya binne ƙwaya 6 zuwa 8 a zurfin santimita 2, su tsiro cikin mako ɗaya ko biyu, idan sun kai tsawon gwiwa zuwa ƙugu bayan kamar wata biyu sai a datse su a bar taƙi guda. Daga nan duk bayan mako biyar ko shida akwai ganyen da za a tsinka. Buhu huɗu da aka shuka a jere, ana ba su tazarar mako biyu-biyu, suna iya sa a riƙa samun abin sa wa a dambu ko kwaɗo ba tare da an je Kasuwar Dole ba.

Ban ruwa a yi shi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a gindin shuka, a hankali. A rufe fuskar ƙasa da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsa biyu, domin wannan kaɗai yana rage ƙishin mazubi ƙwarai. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗauraye ganye duk a tara su a bokiti ɗaya, sun isa su riƙe mazubi biyar ko shida a gida mai mutane da dama. Ruwan wanki mai garin sabulu ko mai ruwan jabel ba ya shiga lambu. Akwai kuma dabarar da ta dace da mu fiye da kowa, tunda maginan tukwane na Mirya suna kusa: a sami ƙaramin tulu wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne shi har wuya a tsakiyar babban mazubi, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa. Yadda randa take tsatstsafo da ruwa ta jikinta, haka tulun zai riƙa jiƙa ƙasar da ke kewaye da shi daidai gwargwadon bushewarta. Ranar da aka tone shi bayan girbi za a tarar saiwoyi farare sun lulluɓe shi kamar an saƙa masa riga.

Hanyar ruwa zalla

Shuka ba ƙasar take ci ba. Abin da take nema a cikinta shi ne ruwa da gishirin abinci da iska da wurin dafawa, kuma idan an samar mata da waɗannan ta wata hanya, za ta girma. Wani malamin Jami'ar Kalifoniya a Amurka, William Gericke, shi ne ya yayata wannan noma a shekarun 1930, ya kuma gabatar da sunan da ake kiransa da shi, haidrofonik, a 1937. Nau'o'insa suna da yawa, kuma galibinsu suna bukatar famfo da wuta da ba ta yankewa. Wanda ya dace da aljihunmu shi ne wanda ake danganta shi da Bernard Kratky na Jami'ar Hawayi, domin ba ya bukatar famfo ko lantarki, ruwan ma sau ɗaya ake zuba shi.

Ga yadda ake yi. A sami jarka mai lita 20 wadda ba ta yoyo, a wanke ta tas, a toshe bakinta, a kwantar da ita. A gefen da ya kalli sama a yanke huji uku masu faɗin santimita 5, da tazara mai kyau a tsakaninsu. A kowane huji za a zauna da ƙaramin kofin roba, irin na yawut, wanda aka huhhuda gindinsa da gefensa da ƙusa mai zafi. A cikin kofin ake sa tsiron salati mai ganye uku ko huɗu, bayan an wanke ƙasar da ke saiwarsa a hankali, a tallafe shi da guntun soso ko gawayi ko ɓawon gyaɗa da aka jiƙa kwana biyu aka ɗauraye. A zuba ruwan taki har ya taɓa gindin kofin da kimanin santimita 1. Sannan a naɗe jarkar da baƙar leda, a ɗora farin buhu ko tsumma a kai. Baƙar ledar tana hana haske shiga, domin haske yana haifar da gansakuka mai cinye takin, farin buhun kuma yana mayar da zafin rana. Duk wata kafa a toshe ta, kada jarkar ta zama gidan sauro.

Sirrin wannan hanya yana cikin sararin da ke buɗewa tsakanin kofi da ruwa. Yayin da shuka take sha, ruwan yana sauka, saiwa tana binsa ƙasa, ɓangaren saiwar da ya rage a sama cikin iska mai laima kuma shi ne yake numfashi. A karona na farko ban fahimci haka ba. Na leƙa bayan mako uku na ga ruwa ya yi ƙasa, tausayi ya kama ni na cika jarkar har baki, kafin kwana biyu salatin da yake tsaye kore shar ya langaɓe, saiwarsa ta koma ruwan ƙasa tana wari. Nutsar da shi na yi. Idan har ya zama dole a ƙara ruwa, kada a wuce rabin jarka, a bar saiwar sama a cikin iskarta. Kan salati guda yana shan lita 4 zuwa 6 daga dashe zuwa girbi, wato kwana 30 zuwa 40, saboda haka jarka mai huji uku takan kai ƙarshe ba tare da ƙari ba.

Matsalar gaskiya ita ce taki, kuma a nan nake roƙon mai karatu kada ya yaudari kansa. Takin zamanin da ake samu ko'ina, NPK 15-15-15 da ure, an yi su ne domin gona. Ure sai ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa sun sarrafa shi kafin shuka ta amfana sosai, a cikin jarka kuwa babu su. NPK na ƙwaya ba ya narkewa duka, kuma ba ya ɗauke da isasshen kalsiyam da maganiziyam da ƙarfe da sauran ƙananan sinadaran da ƙasa take bayarwa kyauta. Wanda ya narka su ya zuba zai ga ganye ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone. Abin da ake nema abu uku ne: takin da ke narkewa sarai mai ɗauke da ƙananan sinadarai, wanda sanannen nau'insa yake da lamba 4-18-38, sai kalsiyam naitret, sai gishirin Epsom, wato maganiziyam salfet. A lita 20 na ruwa ana sa giram 10 zuwa 12 na na farko, giram 5 zuwa 6 na gishirin Epsom, a motsa su narke, sannan a ƙarshe a zuba giram 10 zuwa 12 na kalsiyam naitret da aka narkar a wani kofi dabam. Idan aka haɗa su gaba ɗaya a ruwa kaɗan, sai su kama juna su kwanta a ƙasa kamar farar ƙasa, shuka ba ta samu ba. A tambayi masu sayar da kayan lambu, ko a yi saƙo wurin masu zuwa Kano ko Yamai. Kilo guda yana daɗewa ƙwarai tunda da giram ake awo, shi ya sa ya fi kyau maƙwabta uku ko huɗu su haɗa kuɗi su saya su raba, su kuma haɗa a sayi ƙaramin sikeli mai auna giram.

Ruwan da za a narka takin shi ma a duba shi. Na sama da aka tara daga indararo ya fi kowane kyau. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe kafin a yi amfani da shi. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa ko gishiri bai dace ba, domin shuka ta fi karɓar abinci idan ma'aunin tsamin ruwa, wanda ake kira pH, yana tsakanin 5.5 da 6.5, ruwan kanwa kuwa ya haura haka da nisa. Ana gwadawa da ƴar takarda mai sauya launi, idan ya yi sama a ɗiɗɗiga ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan ana sake gwaji, ko da yake gyaran lemun tsami ba ya daɗewa, sai an riƙa dubawa.

Dalilin da ya sa na ce a jira hunturu shi ne ruwa mai ɗumi ba ya riƙe isasshiyar iska. Da zarar ruwan jarka ya doshi digiri 30, saiwa takan fara ruɓewa, kuma a watan Afrilu jarkar da ke tsakar gida takan wuce haka tun kafin azahar. Wanda ya nace sai ya yi a bazara, ya binne jarkar a rairayi mai laima a inuwa, ko ya yi amfani da randa da aka shimfiɗa leda a cikinta, ya kuma bar salati ya koma ga na'a-na'a da alayyafo. Na'a-na'a ma ba ta bukatar iri. Reshe uku daga ƙullin da aka saya domin shayi, a tsige ganyen ƙasa a tsoma a kofi, cikin mako guda sun yi saiwa.

Akwai hanya ta tsakiya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaɗa a Dakar tun 1999, inda ake ƙera tebur na katako mai murabba'in mita guda, a shimfiɗa leda, a cika shi da ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa da tsakuwa, a riƙa zuba ruwan taki kowace safiya ana tare rarar a gwangwani a mayar. Ɓawon gyaɗa ba ya wuya a ƙasar Damagaram, ga wanda ya sami takin wannan tebur ya fi jarka jure zafi.

Ƙwari

Ko a ƙasa ko a ruwa, darɓa da farin ƙuda da tsutsar ganye za su zo, kuma ganyen da yara za su ci ɗanye bai kamata a fesa masa gubar da ake sayarwa a kwalba marar takarda ba. Kowace safiya a ɗaga ganye a duba bayansa, domin a nan suke fara taruwa, a murje na murjewa, a tsince tsutsa da hannu. Idan sun yi yawa, a tsinto ƴaƴan dogon yaro busassu, a ɓare, a daka giram 50 na ƙwayar a jiƙa a lita guda ta ruwa ta kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulun gargajiya kamar ƙwayar gyaɗa, a fesa da yamma har bayan ganye. A maimaita bayan mako guda, a kuma dakata kwana uku ko huɗu kafin a tsinka saboda ɗacin. Ƙurar hunturu tana toshe ganye tana kuma janyo jan gizo-gizon nan ƙanana masu sa ganye ya yi fari-fari, don haka sau biyu a mako a ɗauraye ganyen da ruwa mai tsabta da safe, a tara abin da ya zuba a gindin buhun zogale.